Ruwan Da Ya Fita Ta Rariya, Ina Ya Nufa?

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan garuruwanmu da sassafe ya san kwata. Kowane gida yana da rariya a gindin katanga, inda ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke ke fitowa waje. Uwargida takan share tsakar gidanta tas, ta kora ruwan da tsintsiya har ta ga ya fice, sa'an nan hankalinta ya kwanta. A ganinta an gama da shi ke nan. To amma mai karatu, ka taɓa tsayawa ka bi ruwan nan da ido ka ga inda ya nufa? Yakan gangara ya haɗu da na maƙwabta, ya bi ta ƙofar makaranta da bakin kasuwa, ya taru a kududdufin bayan gari. In damina ta yi ƙarfi, kududdufin ya cika ya batse, sai rafi.

Bari mu ɗauki misali da ƙasar Zamfara ta yamma, wato Gidan Goga da ke cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, da maƙwabtanta na Talata Mafara da Bakura. Mutanen wannan yanki sun san darajar ruwa, sun kuma san tsadarsa. A nan ne aka datse Kogin Sakkwato aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, mai iya riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 450, domin noman rani. Dubban manoma sun rasa gidaje da gonaki saboda aikin, har a watan Afrilu na 1980 aka yi arangama tsakaninsu da 'yan sanda a kan batun diyya, aka yi asarar rayuka. Tun daga lokacin gwamnatoci iri iri sun haƙa rijiyoyi da burtsatse a ƙauyuka. Duk wannan ɗawainiya ta kawo ruwa ce. Abin da ba a cika zama a tsara ba shi ne hanyar da ruwan zai bi bayan an gama amfani da shi.

Lissafin jarka

Masana harkar ruwa sun yi ƙiyasi cewa cikin kowace lita goma da ta shiga gida, wajen takwas sukan fito a matsayin ruwan datti. Mu ƙaddara gari mai mutum 10,000, kowa yana amfani da jarka ɗaya mai lita 20 a rana. Ruwan da ya shiga garin lita 200,000 ke nan, wanda zai fita kuwa lita 160,000. Wato jarka 8,000 na ruwan datti kowace rana ta Allah, rani da damina. Da a ce za a jera jarkunan nan a ƙofar fadar hakimi kowace safiya, da tuni an kira taron gaggawa. Amma da yake kaɗan kaɗan yake fita, kowane gida da 'yar rariyarsa, ba wanda ya damu.

Ruwan dattin nan iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su. Na fari shi ne ruwan wanka da wanki da na madafa. Yana da sabulu da maiƙo da guntun abinci, yana wari in ya kwanta, yana tara sauro da ƙudaje, yana cin gindin katangar ƙasa. Na biyu shi ne wanda ya haɗu da bahaya, ko daga masai, ko daga tsummokin jariri, ko daga bayan gari inda mutane ke tsugunawa. Wannan shi ne mai kisa. Ma'aikatan lafiya sun ce giram ɗaya tak na bahayar mutum, abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, yana iya ƙunsar miliyoyin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki har ɗari. Kwalara da taifot da atuni da shan-inna da wani nau'in ciwon shawara duk ta wannan hanya suke bi, daga cikin wani zuwa bakin wani.

Yadda yake komowa gida

Hanya ta farko ita ce rijiya. A gidaje da yawa fili ya yi kaɗan, sai a haƙa masai a wannan kusurwa, rijiya a waccan, ko kuwa masan maƙwabci ya kasance katanga kaɗai ta raba shi da rijiyarka. Ƙasa tana tace ruwa, gaskiya ne, amma sai ta sami tazara. Shi ya sa ma'aikatan tsafta ke ba da shawara a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, ƙasan raminsa kuma ya tsaya kamar mita biyu sama da inda ake tarar da ruwa. A wuraren fadama, inda ruwa ke kusa da damina, sai a ƙara kula.

Hanya ta biyu ita ce kududdufi. Asalinsa rami ne da aka ɗebi ƙasar gini, amma yau shi ne matattarar kwatocin gari. A nan yara ke iyo da kamun kifi, a nan dabbobi ke sha, wasu ma a nan suke wanki. Yaron da ke da tsargiya in ya yi fitsari a ciki, ƙwan cutar ya shiga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi, daga nan ya fito ya huda fatar wani yaron. Hanya ta uku kuwa lambu ce. Manomin rani da ke ban ruwa da ruwan kwata yana ganin latas da kabeji sun yi kore shar, domin ruwan yana da taki, amma ganyen da za a ci ɗanye ya riga ya kwashi abin da ya kwasa.

Akwai kuma na nesa, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Kogin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya zuba a Bakolori, ya wuce ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, daga nan sai Kebbi har Kwara. Abin da na sama ya zubar, na ƙasa ke ɗiba. Kowane gari a bakin ruwa yana ƙasan wani, yana kuma saman wani.

Darasi daga Landan

Kada a ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin yawancin likitoci sun gaskata cewa wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kusan dukansu daga famfo guda suke ɗiban ruwa, na titin Broad. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon.

Wani matashin limamin ikkilisiyar unguwar, Henry Whitehead, da fari bai yarda da maganar likitan ba. Da yake ya san mutanen gida gida, sai ya shiga nasa binciken da niyyar ƙaryata shi. A ƙarshe shi ne ya gano tushen abin: wata jaririya ce ta kamu da zawo, uwarta ta wanke tsummokinta ta zuba ruwan a ramin ƙazanta na ƙofar gida, ramin kuwa bai kai mita ɗaya daga rijiyar famfon ba. Uwar nan ba ta yi mugunta ba. Abin da kowace uwa ke yi ta yi. Laifin na tsarin garin ne, kuma bayan 'yan shekaru Landan ta shiga gina manyan magudanun ƙarƙashin ƙasa.

Mu a nan har yanzu muna biyan wannan bashi. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, Zamfara kuma tana cikin jihohi huɗu da abin ya fi tsanani, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. A daminar 2025 cutar ta sake bayyana a sassan jihar, har da Talata Mafara. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin mutanen ƙauyuka da suka gudo cikin gari sun cunkushe a gidajen dangi da makarantu. Masan da aka haƙa don mutum goma, yau mutum arba'in ke layi a kansa.

Yaya ake tace ruwan datti?

A manyan biranen duniya bututu ne ke kwashe ruwan kowane gida zuwa matata. A Nijeriya irin wannan tsari bai wuce wasu sassa na Abuja da 'yan wurare ƙalilan ba. Matatar Wupa da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2007, injuna ne ke kaɗa ruwan suna sa masa iska, don haka tana bukatar lantarki dare da rana, da injiniyoyi, da kayan gyara daga waje. Ba mai hankalin da zai ce a kai irinta Gidan Goga.

Amma akwai wata hanya mai sauƙi wadda ta dace da ƙasa mai zafin rana da yalwar fili kamar tamu, wato tafkunan tace ruwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi amfani da irinsu. Tafkuna uku ake haƙawa a jere, ruwa yana gangarawa daga wannan zuwa wancan da kansa, ba inji ba man fetur.

Na farko mai zurfi ne, kamar mita uku zuwa huɗu. A nan ruwa yake natsuwa na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, dauɗa mai nauyi ta kwanta a ƙasa, wasu ƙananan halittu da ba su bukatar iska su ruɓar da ita. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa kuwa kamar mita ɗaya da rabi. Ruwansa kore ne saboda gansakuka, kuma wannan koren shi ne alamar lafiyarsa. Gansakuka tana amfani da hasken rana ta saki iska mai kyau cikin ruwan, ƙananan halittu su yi amfani da iskar su cinye sauran dauɗar, abin da suka fitar kuma ya zama abincin gansakukar. Na uku bai fi mita ɗaya ba, don rana ta ratsa shi sosai. A nan ne yawancin ƙwayoyin cuta ke mutuwa, ƙwan tsutsa kuma ya riga ya nutse ƙasa. Daga shiga zuwa fita ruwan yakan yi kamar mako uku zuwa wata guda.

Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, amma ya isa ban ruwa. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni cewa ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a kowace lita, kuma tafkunan da aka tsara da kyau suna iya cika wannan sharaɗi. Ga manomin rani wannan riba biyu ce, ruwa da taki a haɗe.

Wani zai ce, ai wannan kududdufi ne aka sake wa suna. Akwai kama, amma bambancin yana da yawa. Kududdufi ba shi da mafita, ba a san zurfinsa ba, ana zuba masa shara da mushe, ciyawa ta rufe bakinsa sauro ya samu gida. Tafkin tacewa kuwa a nesa da gidaje ake yinsa, inda iska ba za ta kaɗo warin cikin gari ba, a daɓe ƙasansa da laka don kada ya tsiyaya cikin rijiyoyi, a kewaye shi da waya saboda yara da dabbobi, a sa ma'aikaci yana nome bakinsa, a kuma yashe na farkon bayan 'yan shekaru. In aka yi sakaci da waɗannan, to lalle ya koma kududdufi.

Daga ina ƙaramin gari zai fara?

Gaskiyar magana, tafkunan nan sun fi dacewa da inda ruwa ke taruwa ta bututu, kamar babban asibiti, makarantar kwana, mahauta, ko sabuwar unguwa a gari kamar Talata Mafara. A ƙaramin gari inda kowa masai yake amfani da shi, matatar farko tana cikin gida ne.

Na ɗaya, masai mai kyau. A shekarun 1970 wani masani mai suna Peter Morgan ya ƙirƙiro wani irin masai a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, wanda ya bazu ko'ina a Afirka. Sirrinsa bututu ne da ke tashi daga ramin ya zarce rufin ɗakin da kamar rabin mita, an rufe bakinsa da raga. Iska tana jan wari ta fitar ta sama. Cikin ɗakin kuma ana barinsa da ɗan duhu, don ƙudan da ke ramin su bi hasken bututu, su tarar da raga, su mutu a nan. Wanda bai da halin wannan, murfi a bakin rami da toka bayan kowane amfani suna rage wari da ƙuda ƙwarai. Mai hali kuwa ya haƙa rami biyu. In ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke cikin na farkon ya bushe ya zama kamar ƙasa, ana iya kwashewa a kai gona.

Na biyu, ramin tsotse ruwa, wanda magina ke kira sokawe. Maimakon rariya ta zubo kan hanya, sai a haƙa rami kamar mita ɗaya da rabi, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, a rufe. A sa 'yar raga ko tsohon kwando a bakin rariyar don tare guntun abinci, domin maiƙo da tuwo ne ke toshe ramin. A ƙasa mai yashi yana aiki sosai. Inda ƙasa laka ce ba ta shan ruwa, gara a karkata ruwan wanka zuwa gindin ayaba ko gwanda ko zogale a bayan gida.

Na uku, kuma shi ne aka fi mantawa, ina masu kwasar masai ke kai abin da suka kwasa? Mutanen nan da dare suke aiki, sau da yawa ba safar hannu ba takalmin roba, jama'a na ƙyamarsu alhali kuwa ba a iya zama sai da su. In ba a ware musu wuri ba, kududdufi ko rafi mafi kusa za su nufa, duk wahalar da aka sha wajen haƙa masai ta tashi a banza. Abin da ake bukata fili ne a bayan gari, nesa da rijiya da rafi, a haƙa dogayen ramuka ana zubawa ana rufewa da ƙasa, daga baya a dasa itatuwa a kai. Wannan bai fi ƙarfin hakimi da ƙaramar hukuma ba.

Alhakin wa?

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai samar da makewayin jama'a da kawar da ƙazanta da shara. Saboda haka wanda ya tambayi kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ina makewayin kasuwa da na tasha, ba rashin kunya ya yi ba, haƙƙinsa ya nema. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin ƙarar takalminsa kaɗai ya isa sa mata su hau wanke randa. Ma'aikatan nan suna nan har yanzu a sashen lafiya, abin da suka rasa shi ne kayan aiki da goyon baya.

A Nuwamba 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2019 kuma ta sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025. Wa'adin ya wuce ba a cim ma burin ba. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a ƙasar nan. Duk da haka a 2022 an tabbatar da Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta fita daga wannan sahu. Jigawa ba ta fi Zamfara ruwa ba, mutanenta kuma manoma ne kamar na Maradun da Bakura. Gari gari aka bi, tare da masu unguwa da malamai da mata, har kowane gida ya haƙa nasa.

Namu rabon aikin

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A Maimaitawar Shari'a sura 23, cikin dokokin zaman sansani, an umarci Isra'ilawa su ware wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tona ƙasa, ya rufe abin da ya fitar. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu. In an kula da wannan a cikin jeji, ina ga harabar majami'a?

Sai mu tambayi kanmu. Majami'u nawa ne suka sayi janareta da lasifika amma ba su da makewayi na kirki? In an yi babban taron zumuntar mata ko na matasa, mutum ɗari biyar suka kwana uku a wuri ɗaya, ina suke zagawa, ina kuma ruwan girkin yake zuwa? Maƙwabtan da ke bayan katangarmu, waɗanda yawancinsu a wannan yanki Musulmi ne, da abin da ya fito ta rariyarmu suke fara saninmu kafin su ji wa'azinmu. Kwalara kuma ba ta tambayar addinin mai rijiya.

Dattawan ikkilisiya suna iya sa makewayi da wurin wanke hannu cikin kasafin bana, na maza daban na mata daban. Matasa suna iya yin gayya su haƙa wa gwauraye da tsofaffi masai da ramin tsotse ruwa. Zumuntar mata tana iya koya wa kowace uwa cewa kashin jariri ma cikin masai ake zuba shi, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in zawo ya kama yaro: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti, gama kwalara tana iya kisa cikin sa'o'i kaɗan. In aka zo yashe kwatar unguwa kuwa, a nemi mai unguwa da limamin masallaci a yi tare, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ruwan sama na gaba ya sauka, mai karatu, ka fita bayan katangarka ka bi ruwan rariyarka da ƙafa har inda ya tsaya. Ka duba ƙofar wa ya bi, 'ya'yan wa ke wasa a bakinsa, rijiyar wa ke kusa. Sa'an nan ka auna taku nawa ne tsakanin masanka da rijiyarka. Abin da ka gani shi zai gaya maka inda za ka fara. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma kiyaye mana 'ya'yanmu.